Ƙwallon Goho

Malam Sammani yana cikin zuba toka a layi na goma sha huɗu sai gwangwanin ya toshe. Ya girgiza shi, ya buga shi a gwiwa, tokar ta tashi ta bule masa fuska. Ya goge ido ya tsaya yana duban abin da ya yi wa filinsa tun safe. Shekara goma sha ɗaya yana malamin wasanni a wannan makarantar kwana ta maza da ke bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, bai taɓa ganin filin ƙwallo mai layi ashirin da ɗaya a gicciye ba. Wanda ya biyo ta kan hanya zai rantse kwamin albasa aka yanka ana jiran a sako ruwa.

Duk wannan aikin Malam Sada ne. Malamin aikin katako ne, gwamnati ta tura shi Amurka kwas na shekara biyu, ya dawo a farkon 1984 da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, da magana ta hanci, da wata ƙwallo mai siffar gwanda. Tun da ya dawo ba wanda ya ga ko benci ɗaya da ya haɗa. Amma labarin Amurka kam, ko ruwa ka miƙa masa sai ya gaya maka yadda ake shansa a can.

Shugaban makarantar, Alhaji Datti, mutum ne da ba ya ƙin sabon abu matuƙar zai sa a ambaci sunansa a ma'aikata. Da ya ji cewa duk jihar babu makarantar da ke buga wannan ƙwallo, sai ya rubuta wa sufeton ilimi na shiyya takardar gayyata. A gaban malamai kaf ya yanke hukunci: yau Asabar za a yi wasan gwaji bayan la'asar. In sufeto ya yaba, makullin sito na wasanni ya koma hannun Sada, shi kuma Sammani ya karɓi gonar tumatir ta makaranta, wadda ta rasa mai kula tun da aka yi wa malamin gona canjin wurin aiki.

Gona! Sammani da ya gudo daga kwamin ubansa yana ɗan shekara goma sha biyu ya shiga makaranta don kada ya ƙare rayuwarsa a duƙe. Sa'o'insa sun yi arziki da noman rani, wasu har da Makka, bai taɓa jin hassada ba, domin daga Kura har Kadawa in ana wasa shi ake nema, kuma in ya hura usur ɗinsa ko ɗan dagaci sai ya tsaya. Wannan makulli da ke rataye a wuyansa tare da usur, shi ne abin da ya raba shi da taɓo.

Abin dariyar shi ne, shi aka sa alƙalancin wasan. Sada ba zai iya horar da ƙungiya biyu kuma ya hura usur ba. Mako uku da suka wuce ya jefa wa Sammani wani ɗan littafi a kan tebur, dokokin wasan na makarantun sakandaren can, ya ce, "Ka duba hotunan ma sun isa." Sammani ya ɗauki littafin ya tafi. Ya ari ƙamus a laburare, kullum bayan azahar ya zauna gindin darbejiya ya bi littafin layi-layi, ba don yana so ba, sai don neman inda zai kama Sada.

Wasan kansa, a yadda Sammani ya fahimta, kokawa ce aka sa mata ƙwallo don a ɓoye sunanta. Samari su jeru sahu biyu suna fuskantar juna, ƙwallo tana ƙasa a tsakaninsu. Ba mai motsi sai yaron da ke tsakiyar sahu ya saki ƙwallon zuwa baya ga mai jifa. Wannan sakin Sada ke kira sinaf, yana faɗa yana lumshe ido kamar sunan turare. Yadda ya koyar shi ne yaro ya buɗe ƙafa, ya dangwarar da kai ƙasa, ya ɗaga bayansa sama, ya leƙa ta tsakanin cinyoyinsa ya jefa. Tun ranar farko Sammani ya raɗa wa abin suna ƙwallon goho, sunan kuma ya bi makarantar har kicin.

A shafi na arba'in da ɗaya ya tsinci abin da ya sa shi karantawa sau uku. Duk dokar sakin ƙwallo babu inda aka ce sai ta tsakanin ƙafa. Ya naɗe kunnen shafin, ya ja bakinsa ya tsuke. Wannan magani ne, shi kuwa ba maganin Sada yake nema ba.

"Malam, barka da aiki."

Maikuɗi ne, ɗan aji biyar, ya tsuguna a gefen layi. Ƙato ne na gaske, shekararsa ashirin da biyu don ya makara shiga makaranta, kuma shi ne mai sakin ƙwallo na ƙungiyar Jajaye, wadda za ta kara da Koraye.

"Barka kadai, Sarkin Goho. Ka zo duba fadarka?"

Maikuɗi bai yi dariya ba. Ya dubi ƙarshen filin, inda aka jera kujeru talatin a inuwar darbejiya, daidai bayan layin ƙarshe.

"Malam, na ji an ce an gayyaci Malam Sunusi ya buɗe taro da addu'a."

"Haka ne. Da laifi?"

"Malam ai ka sani. An sa mana rana da 'yarsa Rabi'atu bayan jarrabawa." Ya soma zane a ƙasa da tsinke. "Ni ko hanya ɗaya ba na haɗawa da shi. In na hango shi a kasuwar Bunkure ta bayan 'yan hatsi nake zagayawa. Na ce ko za a taimaka a mayar da kujerun nan gefe."

"Gefe rana ce. Kana so sufeto ya narke?"

"To ko a canza ni."

"Wannan sai ka ga Ba'amurke. Ni alƙali ne kawai."

"Na gan shi. Ya ce a Amurka ba a san suruki ba."

"To ka ji," in ji Sammani, ya ci gaba da girgiza gwangwaninsa.

Maikuɗi ya daɗe a tsugune kafin ya tashi. Abin da bai sani ba shi ne, Sammani da kansa ya jera kujerun nan, kuma shi ya raɗa wa Alhaji Datti cewa taro irin wannan ba ya kyau sai da addu'ar babban malamin gari. Ya lissafa abinsa tsaf. Ko dai Maikuɗi ya ƙi yin goho wasa ya watse a gaban baƙi, ko ya yi dattawa su tashi suna salati. Duk wadda ta faɗo, makulli yana nan a wuyansa. Ya ɗan ji wani abu ya soke shi da ya ga bayan yaron yana tafiya a sanyaye, amma ya ce a ransa ai ba shi ya je Amurka ya ɗauko gwanda ba.

Da ya je gida cin abincin rana, matarsa Indo ta ajiye masa kwano tana cewa, "Ni fa ban ga abin tashin hankali ba. Gona ai ba kurkuku ba ce. Ko ba komai mun huta da sayen kayan miya."

"Ke dai ba ni ruwa," in ji shi.

Ƙarfe huɗu da rabi farar fijo ta sufeto ta shigo, ta ratsa ta gefen kwandunan tumatir da ke jiran mota a bakin hanya. Sufeton gajere ne mai tumbi, da tabarau a goshi, irin mutanen da ke gyaɗa kai tun kafin a gama yi musu bayani. Aka zaunar da shi tsakiya, Alhaji Datti a damansa, dagaci a hagunsa, sai Malam Sunusi da farin rawani da carbi, sai manoman da suka baro ban ruwa don su ga ƙwallon da ba a bugawa da ƙafa. Ɗalibai suka kewaye filin.

Sai 'yan wasa suka fito. Sada ya yanka tsofaffin katifun ɗakin kwana ya cusa musu a kafaɗu, kowa ya zama kamar an rataya masa buhu. Hular kwano kuwa shida aka samu, aro daga malamai masu babur, aka raba uku-uku, sauran suka fito da kawunansu yadda Allah ya halitta. Shi Sada yana gaba da hular hana sallah da allon rubutu a hammata, yana tafiya kamar ƙasar tana ƙona shi.

Malam Sunusi ya yi addu'a aka shafa. Sada ya karɓi lasifika ya yi minti ashirin yana bayani, rabi da Hausa rabi da hanci, har dagaci ya soma gyangyaɗi. Daga nan Sammani ya hura usur.

Koraye suka fara riƙe ƙwallo, suna nufo wajen kujeru. Saboda haka fuskokinsu baƙi ke gani, gohon mai sakinsu yana kallon kanal, ba wanda ya lura. Aka gwabza, aka zube, aka tashi, aka sake jeruwa. Wani manomi ya tambayi na kusa da shi, "Wai an fara ne, ko faɗa suke a raba?" Amma da wani siririn yaro ya ruga da ƙwallo a hammata mutum huɗu suna binsa, ɗalibai suka ɗau sowa, har sufeto ya sauko da tabaransa kan hanci. Sammani ya ga haka, ransa ya ɓaci.

Koraye suka turo har kusa da layin ƙarshe, sannan dama huɗu da doka ta ba su ta ƙare ba su kai ba. Ƙwallo ta koma hannun Jajaye, taku goma sha biyar daga ƙafar dagaci. Sammani da kansa ya ajiye ta a ƙasa, ya gyara mata zama, ya ja da baya.

Jajaye suka jeru, bayansu ga baƙi. Uba, mai jifa, ya tsaya taku biyar a baya yana jira. Maikuɗi ya zo kan ƙwallo ya buɗe ƙafa, ya soma sunkuyawa. Kansa ya sauka, ya sauka, har ya leƙa ta tsakanin ƙafafunsa. Abin da ya gani a kife shi ne farin rawani, da carbi, da idon Malam Sunusi a kansa. Ya miƙe zumbur tun bai taɓa ƙwallon ba.

"Maikuɗi!" Sada ya daka tsawa daga gefe. "Sauka!"

Filin ya yi tsit. Maikuɗi ya tsaya gumi yana bin wuyansa. Sannan ya matsa rabin taku hagu, ya tsuguna a gefen ƙwallon irin tsugunon gaida babba, fuskarsa tana gaba. Ya ɗora hannun dama a kanta, ya ɗan dakata, ya watsa ta baya ta gefen cinyarsa. Ta faɗa hannun Uba daram. Uba ya rasa abin yi, ya tsaya riƙe da ita, sauran ma ba wanda ya motsa.

Sada ya rugo cikin fili allonsa yana faɗuwa. "Fawul! Wannan fawul ne! Referi, me kake jira?"

Sammani yana tsaye da usur a baki. Abin nema ya samu. Abin da ya rage kawai ya hura, ya ce Malam Sada ya yi gaskiya, ko goho ko waje. Ya dubi Maikuɗi, wanda har yanzu yake tsugune kansa a ƙasa kamar mai jiran bulala. Ya dubi kujeru, ya ga dagaci ya farka, Malam Sunusi ya daina jan carbi. Ya cika ƙirjinsa da iska.

Da Sada ya iya bakinsa na daƙiƙa biyu, da Sammani ya hallaka shi cikin sauƙi. Amma Sada bai taɓa iya bakinsa ba. Ya juya wajen baƙi, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga murya yadda har na bayan fili za su ji.

"Ranka ya daɗe a yi haƙuri. Ban ga laifin alƙalin ba. Turancin littafin ya fi ƙarfin mai takardar malanta ta Giredi Tu, shi ya sa na ce ya duba hotuna."

Wasu malamai suka yi dariya. Alhaji Datti ma ya murmusa.

Sammani ya cire usur daga bakinsa a hankali. Ya san abin da zai yi wauta ne, ya san shi sarai, kamar yadda mutum ke sanin rami a hanyar gidansu. Amma ya ji in bai yi ba, abincin duniya ba zai ƙara yi masa daɗi ba. Ya zura hannu a aljihun baya ya zaro littafin.

"Babu fawul," ya ce.

"Me?"

"Na ce babu fawul. Sakin ya yi."

"Kai ka san abin da kake faɗa kuwa? Sinaf ta tsakanin ƙafa ake yi! Shekarata biyu a can!"

"Ni kuma makona uku a nan," in ji Sammani, ya ɗaga littafin. Ya taka har gaban kujeru, ya ɗan rusuna wa sufeto, ya buɗe shafin da ya naɗe. Ya karanta da Turancinsa na Giredi Tu, kalma bayan kalma, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba don ya haddace wurin. Sannan ya juya wa dattawa da Hausa.

"Ga abin da ya ce. Mai sakin ƙwallo ya fuskanci gidan abokan karawa. In ya ɗora hannu ya dakata, a ga ya dakata. Sannan ya jefa ta ko ya miƙa ta baya daga inda take a ƙasa, da sauri, motsi ɗaya, ta bar hannunsa nan take. Kada ya ɗaga ta ya riƙe, kada ya yi kamar zai saki ya fasa." Ya rufe littafin a kan yatsansa. "Yaron nan ya fuskanci gaba. Ya dakata. Ya saki baya, motsi ɗaya. Malam Sada, nuna mini ƙafa a cikin wannan shafi."

"Yana wani shafin."

"Bismillah." Ya miƙa masa.

Sada ya karɓa ya soma buɗawa. Ya yi gaba, ya dawo baya, ya lashi yatsa, ya sake yin gaba. Kowa ya ga cewa bayan shafi na goma takardun duk sababbi ne a wurinsa. Ya tsaya a kan wani hoto ya nuna da sauri. "Ga shi! Dubi yadda ya yi!"

"Wannan hoto ne," in ji Sammani. "Kai ka ce in duba hotuna, ni kuma na karanta rubutun."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko, kuma daga wajen ɗalibai ta taso. Sammani ya ji ta har cikin ƙashinsa, wani sanyi ya ratsa shi wanda rabonsa da ji tun ranar da aka ba shi makulli.

Malam Sunusi ya gyara zama. Ƙwallo ba ta dame shi ba, amma gardama a kan littafi, wannan gonarsa ce. Ya dubi Sada ya ce, "Malam, in tambaye ka. Abin nan da kake so yaron ya yi, akwai nassinsa a littafin, ko babu?"

"Allah gafarta Malam, kowa a can haka yake yi. Wasa goma sha ɗaya na kalla da idona."

"Na ji. Nassi nake tambaya."

Sada ya sake buɗa shafukan.

"To al'adarsu ce ke nan," in ji Malam Sunusi. "Abin da aka saba daban, abin da aka wajabta daban. Mu ma muna fama da masu haɗa su." Ya ci gaba da jan carbinsa. Bai dubi Maikuɗi ba ko sau ɗaya, kuma wannan shi ne mafi girman alherin da zai iya yi masa.

Sufeto ya karɓi littafin, ya bi shafin da yatsa, ya gyaɗa kai, wannan karon bayan ya gama karantawa. "Alƙali ya yi daidai. A ci gaba."

Aka sake jeruwa. Maikuɗi ya tsuguna, ya saki ta gefe. Da yake kansa a sama yake, yana ganin wanda ke gabansa, sai ya tashi da shi kamar damin dawa ya ajiye gefe. Uba ya samu sarari ya ja baya ya wurga ƙwallon. Gwandar nan da kowa ke yi wa dariya ta tashi tana juyi a iska, ta yi tafiyar da ba wanda ya zata, ta sauka a hannun wani ɗan aji huɗu da ya riga ya wuce kowa. Yaron ya zura har ƙarshen fili, ya wuce, saura kaɗan ya faɗa kanal. Filin ya kaure. Dagaci ya miƙe tsaye yana tambaya ko an ci ne.

Daga nan mai sakin Koraye ma ya ce shi ba zai ƙara goho ba, ya koma tsuguno. Wasa ya yi kyau, abin haushi. Manoman da suka zo kallon mahaukata suka koma zaɓen gwani. Sammani yana ta gudu sama da ƙasa yana hura usur, yana auna taku, yana yanke hukunci daidai, don ya riga ya nuna ya san littafin, ba shi da hanyar komawa jahili. Kowane usur da ya hura, ya san kabarinsa yake haƙawa da hannunsa.

Da aka tashi, sufeto ya karɓi lasifika. Ya ce ya zagaya makarantu da yawa bai ga irin wannan ba. Ya ce abin da ya fi burge shi shi ne yadda Malam Sada ya ɗauko wasan baƙi ya sassaƙe shi ya dace da tarbiyyarmu, har yaro yana sakin ƙwallo a tsugune cikin ladabi. Ya ce irin waɗannan malamai ƙasa ke bukata, masu zuwa waje su dawo da ilimi ba su zubar da al'ada ba. Sada yana tsaye a gefensa yana gyaɗa kai cikin tawali'u, kamar wanda ya kwana uku yana tsara hakan.

"Har alƙalin ma," in ji sufeto, "an horar da shi sosai."

Aka tafa.

Alhaji Datti bai jira Litinin ba. Fijo tana fita ya yafito Sammani, ya miƙa hannu. Sammani ya ciro igiyar daga wuyansa, ya kwance makullin ya ba shi. Ya zo zai mayar da usur aljihu, shugaban ya ce, "Shi ma ai na sito ne." Ya ba da. Littafin kuwa ba wanda ya tambaya, har Sada.

"Ka leƙa gona kafin magariba," in ji Alhaji Datti. "Yau ne kwananmu na ruwa, leburanmu Hamma shi kaɗai ne a can."

A hanya Maikuɗi ya tare shi, ya cire katifun kafaɗarsa, ya zube ƙasa.

"Malam, na gode. Allah Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini. Wallahi da ka hura usur ɗin nan, da ban san inda zan sa kaina ba. Ashe kai kaɗai ne mai tausayina a makarantar nan."

Sammani ya dube shi. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ya iya gaya wa kowa. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da kujeru, sai ya fasa.

"Tashi ka je ka yi wanka," ya ce. "Kana warin katifa."

Gonar tana bayan ɗakin cin abinci, kadada biyu, jajayen tumatir har sun soma faɗuwa don rashin mai tsinka. Tsoho Hamma, leburan gonar, yana tsaye cikin ruwa har idon sawu da fartanya. Ya ga Sammani da fararen takalman wasa, ya dubi takalman, ya ɗago kai.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka zo a daidai. Wancan kwamin ya cika, a datse shi a juya ruwan nan. Ni zan tare ta ƙasa."

Sammani ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya shiga. Taɓon ya kama ƙafarsa kamar ya san shi. Ya zo bakin kwamin zai sunkuya, sai ya ji hayaniya a bayansa. Ɗalibai ne ke tahowa cin abinci ta hanyar da ta bi gefen gonar, ɗari da wani abu, Sada yana tsakiyarsu da usur a wuya yana ba su labarin Amurka.

Sammani ya fasa sunkuyawa. Ya tsuguna a gefen kwamin, ya miƙa hannu yana yakuto taɓo ta gefe. Ruwan ya bi ta ƙarƙashinsa, ya jiƙa masa wando, ya ci bakin kwamin ya soma kwarara cikin na kusa.

"A'a, Malam," in ji Hamma daga can ƙasa. "A tsugune ba a datse ruwa. Buɗe ƙafa za ka yi, ka sa shi a tsakiya, ka duƙa sosai."

Hayaniyar ta iso daidai bayansa. Sammani ya dubi ruwan da ke ɓarna, ya buɗe ƙafa, ya duƙa.